Yadda Nomau Ya Raɗa wa Katuna Biyu Suna

Ku gyara zama, ga wata tatsuniya nan ta taho da ƙafarta daga Kwarin Maje.

A garin akwai wani magidanci ana ce masa Nomau. Ya ba shekara arba'in baya, ƙaƙƙarfa ne, mai fara'a, gidansa na ƙarshen gari kusa da tsohuwar rijiya. Daga shi sai matarsa Yalwa, wadda a lokacin take ɗauke da ciki bayan shekara tara ana jira, sai awaki biyu farare tas masu kama da juna. Nomau ba ya ƙarya, ba ya mantuwa. Aibinsa ɗaya ne: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Yalwa ta taɓa shanya gero a tsakar gida za ta unguwa, ta ce in ya ga hadari ya taso daga gabas ya kwashe. Ranar sai hadarin ya ga dama ya taso daga arewa. Ta dawo ta tarar da gero yana iyo, maigidan yana zaune a ƙofar ɗaki ya fuskanci gabas.

"Na gabas kika ce," in ji shi. "Har yanzu bai zo ba."

Nomau yana da taubashi, Jatau, ɗan kawunsa. Wannan Jatau mutum ne da garinsu bai san darajarsa ba, in ka ji ta bakinsa, kuma za ka ji, don ba ya gajiya da faɗa. Ya yi shekara biyu a birni a shagon gyaran rediyo, ya dawo da tabarau da wata doguwar hula da yake karkatawa hagu, ya ce daga yau a kira shi Injiniya. Aka kira shi. Sunan kuwa ya zauna masa daram, duk abin da masu hassada za su ce.

Abin da ya ɗaga sunan shi ne kwamfutar asibiti. Wata ƙungiyar agaji ce ta kawo ta ƙaramin asibitin garin, domin duk ranar Alhamis wata likita daga birni ta fito a allo ta duba masu ciki, Sista Hansai mai kula da asibitin tana aunawa tana faɗa mata. Kafin nan, mai ciki sai ta yi awa uku a kan babur, ta ƙetare rafi, kafin ta ga likita. Amma ƙungiyar ta kafa sharaɗi: in aka yi Alhamis uku likita ba ta samu shigowa ba, za a kwashe kayan a kai wa mutanen Tudun Ƙirya, waɗanda suka daɗe da miƙo hannu. Jatau ya ji sharaɗin ya tuna da sunansa. Nomau ya ji ya tuna da Yalwa a kan babur.

Kwamfutar akwatin ƙarfe ce, tsarin da ke tafiyar da ita ana ce masa Linux. A cikinta akwai katuna biyu iri ɗaya, na sadarwa, kowanne da wayarsa. Waya ɗaya ta hau rufi zuwa farantin da ke kamo birni, ɗaya ta bi bango zuwa ɗakin Sista. Linux yana kiran katunan eth0 da eth1, amma ba wanda ya mallaki sunansa. Duk lokacin da aka kunna, wanda ya riga farkawa shi ne eth0. Ita kuwa kwamfuta abin da aka koya mata shi ne eth0 ne hanyar birni. To ranar da katin ɗakin Sista ya riga farkawa, sai ta yi ta tura saƙon birni ɗakin Sista, hanya ta yanke. Jatau ya gano maganin tun makon farko: ka zare wayoyin biyu ka musanya musu wuri, shi ke nan. Bai faɗa wa kowa ba. Sai ya kulle ƙofa, ya yi musanyarsa, sannan ya yi rabin awa yana buga sukudireba a tebur yana nishi. Ya fito yana sharce gumi, mata suna yi masa sannu da aiki.

Wata rana Jatau ya ga bai dace injiniya ya riƙa shara ba, sai ya kira Nomau ya damƙa masa tsintsiya da makullin ɗakin kwamfuta.

"Bawana," in ji shi, don haka yake tsokanarsa irin ta taubasai, "ka ga koriyar fitilar nan? In tana ci, hanya a buɗe take. In ta mutu, ka ruga gidana ka faɗa mini."

Bayan kwana biyu fitilar ta mutu da hantsi, Jatau yana tsaye a gabanta yana gyara hula a gilashin taga. Nomau ya yar da tsintsiya, ya ture shi gefe, ya fita da gudu. Jatau ya ɗauka maciji ya gani, shi ma ya rufa masa baya da takalmi ɗaya a ƙafa. Matan da ke layi suka watse. Haka suka ratsa kasuwa, Nomau a gaba, Injiniya a baya, har ƙofar gidan Jatau. Nan Nomau ya ja ya tsaya, ya jira maigidan ya iso yana haki, ya gaishe shi kamar yadda ya kamata, ya tambayi iyali, sannan ya ce:

"Fitila ta mutu."

Wata rana Nomau yana shara sai ya tambayi abin da ke kashe fitilar. Jatau ba zai faɗi maganin ba, amma ba ya iya barin damar nuna ilimi ta wuce shi. Ya tura tabarau kan hanci ya bayyana masa yadda katin da ya riga farkawa yake karɓe babban suna.

"Wanda ya makara fa?"

"Ya ɗauki wanda ya rage. Haka masu ilimi suke raba suna. Kai ma da ka waye, da haka za ka yi a gidanka."

A makon nan ɗaya daga cikin awakin ba ta da lafiya. Yalwa tana kiran su Babba da Auta, kuma Babba ce ta kwanta. Malamin dabbobi ya ba da magani, ya ce a ɗura wa Babba cokali biyu kowace safiya har kwana biyar. Nomau ya riƙa zuwa turke da asuba ya tsuguna ya jira ya ga wadda za ta riga tashi. Auta mai lafiya, ba ta ko bari ya gama tsugunawa. Sai ya kama ta, ya ce mata "sannu Babba," ya ɗura mata. A kwana na huɗu Yalwa ta leƙo ta gan shi.

"Malam, wa kake ɗura wa maganin nan?"

"Babba."

"Wannan ai Auta ce."

"Da Auta ce. Ta riga tashi."

Yalwa ta dubi akuya ɗaya a kwance ba ta iya ɗaga kai, ta dubi ɗayar tana tangaɗi da jan ido. Ta yafa mayafi ta nufi gidan Jatau da cikinta. Abin da ta faɗa masa ba a samu mai maimaitawa ba, amma an ga Injiniya ya taka awa biyu a ƙafa ya samo wani maganin, yana tafe yana gaya wa duk wanda ya gamu da shi cewa a garin nan wanda ya koyar da ilimi shi ake hukuntawa. Babba ta warke. Auta kuma har yau in ta ga cokali sai ta tsallake katanga.

Wata rana aka gayyaci Jatau ɗaurin aure a wani gari, ranar Alhamis. Ya ce ba zai yiwu a ɗaura aure babu shi ba. Kafin ya tafi ya kira Nomau.

"In fitila ta mutu, kada ka taɓa komai, kada ka bar kowa ya taɓa, sai na dawo."

Da safe batirin sola ya yi ƙasa, kwamfuta ta mutu ta sake tashi, katin ɗakin Sista ya riga farkawa. Fitila ta mutu. Mata goma sha ɗaya suna kan benci, Yalwa a cikinsu. Sista Hansai ta zo ta tarar da Nomau a tsaye a bakin ƙofa, ya ɗaga hannuwansa biyu sama don kada su taɓa komai. Ta roƙe shi, ta yi masa faɗa, ta kawo masa kunu ya ƙi karɓa saboda kofi ma abu ne. Ƙuda ya sauka a hancinsa, ya bar shi. Idonsa yana kan matarsa, hawaye yana zubo masa bai share ba, amma bai matsa ba. Lokacin likita ya wuce. Alhamis ta farko ke nan.

Da la'asar Jatau ya dawo yana ƙamshin turare, ya ce a ba shi wuri, aikin nan na masu ƙwaƙwalwa ne, zai ɗauki rabin awa.

"Rabin awa muka rasa, da ka bar mana hanyar yi," in ji Sista.

"Ba ya kai rabin awa," in ji Nomau, yana sauke hannuwansa da suka sage. "Wayoyi biyu yake musanyawa. Sauran buga tebur ne. Ina ganinsa ta taga."

Sista ta juya a hankali.

"Malam Nomau, me ya hana ka faɗa tun safe?"

"Ba a tambaye ni ba."

Jatau ya ce buga tebur ma yana cikin aikin, yana girgiza wutar da ta daskare. Ya tafi gida yana cewa shi dai ya san a cikin danginsa aka haifi mai kashe shi.

Wata rana ƙungiyar ta turo Injiniya Uwani daga birni ta duba abin da ya faru. Mace ce mai matsakaicin shekaru, ba ta da yawan magana, ta zo da ƙaramar jaka ba tabarau. Jatau ya ga injiniya biyu sun yi wa ɗaki ɗaya yawa, amma ya daure ya tsaya a bayanta yana gyaɗa kai kamar mai duba aikin ɗalibi. Ta sabunta tsarin, ta kashe ta kunna, sai ga sababbin sunaye a allo: enp2s0 da enp3s0.

"Wannan suna ne ko lambar mota?" in ji Jatau. "Na da ko tsohuwa za ta iya faɗa."

"Na da yana da daɗin faɗa, Malam Jatau, amma yau na wannan ne gobe na wancan. Waɗannan ba su da daɗi, amma ba sa canzawa don wani ya makara. Ramin da kati yake zaune a ciki, shi ne sunansa."

Ta kashe ta kunna sau biyar, fitila ba ta mutu ba ko sau ɗaya. Jatau ya ji kamar an kwance masa rawani a kasuwa. Da ta tafi, ya huce a kan Nomau.

"Ka ji sabuwar doka, bawana. Yanzu ba mutum ne mai suna ba, wurin zama ne. Duk wanda ka gani a kujerar wane, shi ne wane."

Ranar kuwa mahaifiyar Yalwa ta zo duba 'yarta. Da ta ga nauyin cikin, sai ta sa Yalwa ta kwanta a tabarmar baƙi a inuwa, ita kuma ta zauna a kujerar Yalwa a bakin murhu tana tankaɗe. Nomau ya shigo. Ya dubi tabarma, ya dubi kujera. Ya cire takalmi, ya durƙusa gaban matarsa, kai a ƙasa.

"Inna, an zo lafiya? Ya hanya? Ya mutanen gida?"

Sannan ya miƙe ya juya wajen surukarsa.

"Yalwa, kai mini ruwan wanka. Yau har bayana za ki cuɗa mini."

Rariya ta suɓuce daga hannun tsohuwa. Sai da dattawa uku suka zo ban haƙuri washegari, Jatau a cikinsu da babbar riga. Tsohuwa ta ce ita ba ta riƙe Nomau da komai ba, ta san shi tun yana neman aure, ba ya ƙirƙiro rashin kunya da kansa.

"Mai hular nan nake jira," in ji ta.

Ta bar Injiniya a durƙushe a rana har sai da ta gama tsince wake ƙwarya guda.

Wata rana, ranar Laraba, Jatau ya ga mako uku ke nan ba wanda ya aiko a kira shi. Ya ce kwamfutar da ba a buɗe cikinta ba, ba a san lafiyarta ba. Ya kwance murfin, ya zare katunan biyu, ya hura musu iska, ya goge su da gefen riga, ya bar ƙofa a buɗe don masu wucewa su gani. Yana cikin haka aka aiko ana rabon shinkafar walima a gidan mai unguwa.

"Ka mayar da su ciki," in ji shi yana neman takalmi. "Ka ba su tazara, kada su matsu da juna, zafi ne yake kashe su."

Nomau ya leƙa ya ga ramuka huɗu. Da katunan suna na biyu da na uku, kafaɗa da kafaɗa. Shi kuwa manomi ne, ya san tazara. Ya sa ɗaya a na farko, ɗaya a na ƙarshe, ya ja baya ya duba, ya ga sun sha iska.

Alhamis da safe fitila ta ƙi ci. Katunan sun tashi da sababbin sunaye saboda sun canza rami, kwamfuta kuma tana ta kiran tsofaffin sunaye ba mai amsawa. Jatau bai san haka ba. Ya yi murmushi, ya kulle ƙofa, har da taga wannan karon, ya musanya wayoyi. Shiru. Ya mayar. Shiru. Ya buga tebur da gaske. Gumin da ya fito da shi ranar ba na wasa ba ne.

A Kwarin Maje wayar hannu ba ta samun sabis sai a kan Dutsen Shaho, tafiyar rabin awa daga asibiti. Jatau ya hau yana numfashi da kyar, ya kira Injiniya Uwani. Ta ce a mayar da kowane kati ramin da yake. Ya sauko ya tsaya gaban akwatin, ya rasa wane rami ne. Nomau ya nuna masa da tsinken tsintsiya, na biyu da na uku. Fitila ta kama, amma likita ta riga ta tashi. Alhamis ta biyu ke nan. Takardar ƙungiya ta iso bayan kwana biyu, layi uku kacal, na ƙarshe yana cewa saura ɗaya.

Tun daga nan abin ya tsaya wa Nomau a rai. Kullum da safe kafin ya fara shara sai ya leƙa akwatin, wanda har lokacin ba a mayar masa da murfi ba.

"Injiniya, yau mene ne sunansu?"

"Na jiya."

"Gobe fa?"

"In ba ka taɓa su ba, na yau."

"Abin tausayi ne," in ji Nomau. "Abu ya yi ta aiki, amma ya kwana da suna ya tashi da wani. Ko akuya ba ta ji daɗin haka ba."

Wata rana Jatau ya gaji. Kansa yana ciwo, mutanen Tudun Ƙirya sun fara yi masa dariya a kasuwa suna cewa ya goge musu kayansu da kyau.

"Tunda abin ya dame ka, je ka raɗa musu suna da kanka. Ka kira wanzami, ka raba goro, ka tara mata su yi guɗa. Ka bar ni in huta."

Nomau ya ƙirga kwana bakwai. Ranar ta bakwai da hantsi Jatau ya taho asibiti ya tarar da taro. An shimfiɗa tabarmi, ga ƙwaryar goro, ga kunu Yalwa ta dama, don ta ce in dai mijinta ya ƙuduri abu gara a yi shi da kyau. An kashe kwamfuta, an fito da akwatin an ɗora a kan sabon zane. Wanzamin garin, tsoho mai son raha, ya zauna gabansa da zabirarsa yana leƙe.

"Ina zan aske? Jariran nan ba gashi."

Ya ƙara matso da ido, sai ya ga 'yar farar takarda manne a jikin kowane kati, da ƙananan lambobi da haruffa.

"To, ga tsagen gidansu. Ashe da shi aka haife su. Sista, karanto mana."

Sista Hansai ta karanta tana danne dariya. Guda goma sha biyu ne a kowane kati, kuma na wannan ba irin na wancan ba ne. Nomau ya ce wanda wayarsa ta hau rufi sunansa Waje, wanda wayarsa ta shiga ɗaki sunansa Gida. Ya ɗaura jan zare a jikin Waje da wayarsa, baƙin zare a jikin Gida da tasa wayar. Mata suka yi guɗa.

"Amma ka sani," in ji wanzami yana ƙifta wa jama'a ido, "cikakken suna sai an haɗa da tsagen. Wanda ya raɗa suna kuma shi ne mai riƙe shi."

Nomau ya sa Sista ta sake karantawa sau uku. Daga ranar, kullum da safe sai ya rusuna gaban akwatin ya gaida Waje da lambobinsa goma sha biyu, ya gaida Gida da nasa, sannan ya ɗauki tsintsiya. Gari ya samu abin dariya na wata guda. Wanda ya fi kowa kwaikwayonsa a kasuwa shi ne Jatau, yana yi yana cewa a taya shi baƙin ciki, shi da ya zauna birni an mayar masa da ofis gidan suna.

Wata rana, Laraba ce kuma, da azahar hadari ya haɗu, wannan karon daga gabas. Aka yi wata tsawa da ta girgiza kwanon asibiti. Da ruwa ya tsagaita suka shiga ɗakin kwamfuta suka ji ƙauri. Jatau ya danna, ya sake dannawa, akwatin bai ko yi tari ba. Gobe Alhamis ta uku. Cikin Yalwa ya shiga wata tara, ƙafafunta sun kumbura, kuma rafi ya fara cika.

"Ɗauko lema ka biyo ni," in ji Jatau. Muryarsa ba ta yi kama da ta mai wasa ba.

Suka hau Dutsen Shaho cikin taɓo. Injiniya Uwani ta ɗauka, Jatau ya buɗe murya don ruwa yana dukan lema.

"Ina da wata kwamfutar a nan," in ji ta, "amma ba katuna a cikinta, sai dai ku sa naku, in Allah ya sa sun tsira. Matsalar ita ce ramukanta ba irin na waccan ba ne. Ban san sunan da za ta ba su ba, ni kuma ba zan iya zuwa ba. Hanya ɗaya ce: kowane kati yana da lambar da aka ƙera shi da ita. In na ɗaura suna a kan lambar tun daga nan, duk ramin da kuka sa shi sunansa na nan. Karanto mini lambobin."

"Suna can ƙasa, a asibiti. Ba ni awa ɗaya in je in dawo."

"Malam Jatau, motar ƙarshe da za ta bi hanyarku kafin ruwa ya rufe gada tana lodi. Direba ya ce minti goma."

Jatau ya tsaya da waya a hannu. Ya dubi rufin asibiti can ƙasa, ƙarami kamar murfin tukunya. Duk dabarar da ya taɓa yi a duniya ya lalubo, ba wadda ta kai ƙasan dutsen nan ta dawo a minti goma. Ruwa yana ɗiga daga hularsa, ta miƙe tsaye ba karkata.

"Waje take nufi ko Gida?" in ji Nomau daga ƙarƙashin lema.

Jatau ya juyo ya dube shi. Sai ya kai masa wayar bakinsa.

Nomau ya rusuna kaɗan, kamar yadda ya saba kowace safiya.

"Waje. Sifili, biyu, bakwai, si, huɗu, ɗaya, ef, tara, uku, uku, bi, takwas."

Sannan ya kawo na Gida, bai yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Uwani ta maimaita masa don ta tabbatar, ta faɗi uku sau ɗaya, ya ce mata sau biyu ne, ta gyara.

"Wane suna zan sa musu?" in ji ta.

"Ai suna da suna," in ji Nomau. "An yi taro."

Sai aka ji ƙarar yatsunta a kan kwamfuta.

Alhamis da hantsi akwatin ya iso. Motar ta ƙetare gada da kyar ta kwana a bakin hanya, wani mai babur ya ƙaraso da shi a naɗe cikin leda. Mata suna kan benci. Jatau ya ɗauki katunan, ya tambaya a hankali wane rami.

"Duk wanda ka ga dama," in ji Nomau. "Sai dai ja ya bi ja, baƙi ya bi baƙi."

Aka kunna. A allo aka ga sunaye biyu, waje da gida, a rubuce yadda kowa zai iya karantawa. Koriyar fitila ta kama. Sista ta sa aka kashe aka kunna sau uku, sunayen ba su motsa ba. Ƙarfe goma likita ta fito a allo tana tambayar wa ke kan layi.

Da aka zo kan Yalwa, likita ta daɗe tana sa Sista ta matsar da abin saurare nan da can. Ta rubuta maganin kumburi, ta ce ta riƙa ɗora ƙafa a kan matashi, ta kuma tsara ranar da za a kai ta birni tun kafin naƙuda, a mota, ba gaggawa. Sannan ta ce bugun zuciya biyu take ji.

Nomau ya laluba aljihu ya duba sauran zarensa, ja da baƙi.

"Zai isa," in ji shi.

Kayan ba su je Tudun Ƙirya ba. Amma ga inda duniya ta nuna wa Jatau rashin adalci. Kafin mako ya zagayo, mata a bakin rijiya sun fara cewa "ina kwana Injiniya" in Nomau ya zo wucewa. Maganar ta kai kasuwa. Jatau yana zaune a rumfar mai shayi ya ji da kunnensa mai nama ya kira Nomau da sunan. Ya ajiye kofin shayinsa. Ya buɗe baki zai yi wasa a kai, wasan ya ƙi fitowa.

Nomau ya tsaya, ya waiwaya baya ya ga ba kowa, sannan ya gane da shi ake.

"Ba sunana ba ne. Na Jatau ne, ga shi can. Suna ba ya tashi daga kan mai shi don wani ya riga shi zuwa."

Ya taka har rumfar, ya ciro guntun jan zare, ya ɗaura a tsinin hular taubashinsa a gaban kowa, ya ƙulle sau biyu.

"Don kada a sake rikicewa."

Har yau Jatau yana yawo yana kai ƙara. Yana cewa shi ne fa ya ba da umarnin a yi sunan, da wanzamin da goron duk daga bakinsa suka fito, amma ba mai tunawa. Yana cewa a duba irin wulaƙancin da bawansa ya yi masa, injiniya guda da zare a ka kamar akuyar sayarwa. An wanke hular nan ya fi sau ashirin, kuma duk ranar wanki da kansa yake tsayawa a kan mai wankin, kada zaren ya kwance.

Nan tatsuniyar ta tsaya, ta juya ta koma Kwarin Maje da ƙafar da ta zo.